Wayar da ke aljihunka shaida ce

 

Bari in fara da wani labari daga Amurka. Ranar 4 ga Afrilu, 2015, a garin North Charleston, wani ɗan sanda mai suna Michael Slager ya tsayar da wani baƙar fata, Walter Scott, saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Ƙarshe Scott ya rasa ransa. Ɗan sandan ya ce kokawa suka yi, mutumin ya fizge masa na'urar nan mai jan mutum da lantarki, shi kuma ya kare kansa. Haka jaridu suka fara bugawa, don bakin hukuma kaɗai suka ji. Ashe wani matashi da ke hanyar zuwa aiki ya ɗauki komai da wayarsa. A bidiyon, Scott gudu yake yi, ya juya baya, aka harba masa bindiga har sau takwas. Ranar da bidiyon ya fita aka tuhumi Slager da kisa, a 2017 aka ɗaure shi shekara 20.

Mu dawo gida. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 daga wani bidiyo na Ughelli, jihar Delta, ta kama wuta. Bayan abin da ya faru a Lekki, hukumar NBC ta ci tarar Channels, AIT da Arise naira miliyan uku-uku, wai sun nuna bidiyon da ba a tantance ba. A zanga-zangar Agustan 2024 kuma Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa, har da Kano, 'yan sanda suka musanta. To wa zai raba gardama in ba hoto ba?

Amma jama'a, mu ma da laifinmu. Wani zai ɗauko tsohon bidiyo, ko na wata ƙasa, ya ce yau ne a unguwarsu, don kawai a ɓata abokan hamayya. Da an kama ƙarya ɗaya, shi ke nan, mun ba hukuma hujjar ƙaryata goma na gaskiya. Mahaifiyar yaron da aka harba ita muka cuta.

Don haka in ka tsinci kanka a wurin, fara neman mafaka, ranka ya fi bidiyo. In ka ɗauka, faɗi wurin da ranar da bakinka. Kar ka yanke, kar ka sa masa waƙa. Ajiye na asali, tura wa lauya ko ɗan jaridar da ka yarda da shi kafin ka sa a Facebook. Gawa kuma a rufe fuskarta, tana da iyaye.