Kwana Uku a Kan Hanyar Moriya

Karatunmu na yau yana cikin Farawa sura 22, inda Allah ya ce wa Ibrahim ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya.

Mun san ƙarshen labarin tun muna yara a makarantar Lahadi, shi ya sa muke saurin kaiwa wurin ragon. Akwai wani mai bi a ƙasar Danmak, Soren Kierkegaard, wanda wannan saurin ya dame shi ƙwarai. An haife shi a 1813, ya rasu a 1855. (Ku mutanen Numan, daga ƙasarsa ne mishan suka zo muku da bishara a 1913.) A 1843 ya rubuta littafi a kan surar nan, ya sa masa suna Tsoro da Rawar Jiki. Damuwarsa ita ce, masu wa'azi suna yabon Ibrahim amma suna tsallake fargabarsa. Mutumin nan ya faskara itace da hannunsa, ya yi tafiya har rana ta uku yaron yana gefensa, yaron kuma ya tambaye shi inda ɗan ragon yake. Wa zai gaya wa? Wa zai gane?

A Danmak ta lokacin, kusan kowa an yi masa baftisma tun yana jariri, kowa kuma Kirista ne a takarda. Kierkegaard ya nace cewa sanin gaskiya a kai bai isa ba, sai mutum ya riƙe ta da dukan zuciyarsa, shi kaɗai a gaban Allah. Ɗan'uwa, kakanka ya karɓi bishara da tsada, wataƙila har danginsa suka juya masa baya. Ka gāji sunansa da kujerarsa a majami'a, amma bangaskiyarsa fa?

Ban ce jin daɗi ko hawaye su ne ma'aunin bangaskiya ba, gama zuciya tana sauyawa kamar hadari. Abin da nake faɗi shi ne, mama, in kina kwana ba barci saboda ɗanki da ke asibiti, kada wani ya ce miki ba ki da bangaskiya. Yesu kansa ya yi baƙin ciki ƙwarai a Getsamani, a cikin baƙin cikin kuma ya yi addu'a har sau uku.

Kafin mu sake saduwa, ku karanta Matiyu 26 daga aya 36. Bari mu yi addu'a.