Kafin Mu Ɗora Ƙafa A Kan Feda



Mu da muka taso a ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta da Bichi, ba sai an gaya mana darajar keke ba. Ƙasarmu cike take da jama'a, gona na jingine da gona, hanyoyin da ke tsakaninsu kuwa 'yan sirara ne waɗanda mota ba ta iya bi. A kan keke malamin firamare yake zuwa makaranta, malamin gona yake zagaya manoma, magidanci yake kai buhun gero kasuwa. Kakanninmu har yau suna labarin yadda kekunan Raleigh suka cika gari sa'ad da aka biya kuɗin Udoji a 1975.

To, amma akwai wani kuskure da ya kamata mu gyara, watau zaton cewa sabon keke ba ya bukatar dubawa. Sabon keke a warwatse yake zuwa cikin kwali, a kanti ake harhaɗa shi da hannu, wani lokaci ma yaron shago ne ke ɗaure shi cikin gaggawa. Bara wani ɗan'uwanmu ya sayar da gyaɗarsa ya sayi keke. Ranar farko, yana gangarowa daga tudu, sai kan keken ya juya ya bar tayar gaba a miƙe. Ya karye a hannu ana gab da shuka, damina ta wuce shi yana jinya. Noti guda ne ba a ɗaure ba.

Saboda haka ga abin da ya wajaba mu yi tun a ƙofar kanti. Da farko mu matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinmu, mu murɗa kan keken da ƙarfi. In ya motsa, a kawo sifana. Sa'an nan birki: mu kama na gaba mu tura keken, mu kama na baya mu sake turawa. Robar birki ta zauna daidai a kan ƙarfen wili, kada ta goga jikin taya. Mu ɗaga kowace ƙafa mu juya ta. In tana layi, a daidaita ta. Mu duba notin ƙafafu, da na sirdi, da na kariya. Mu tuna fedar hagu a juye ake ɗaure ta, saɓanin ta dama, wanda bai sani ba yakan lalata haƙoranta. Sarƙa kada ta yi sako-sako, kada kuma ta ɗame ƙwarai. Sirdi kuwa a sa shi yadda in diddige na kan feda a ƙasa, ƙafa za ta miƙe.

Bayan wannan sai mu yi la'akari da hanyarmu. Tsidau da ƙayar aduwa ba su san sabuwar taya ba, don haka famfo da faci da sholisho su zama guzurinmu. Rairayi yakan kwashe tayar gaba, musamman in an ɗora kaya. A fara gwada keken ba kaya a fili kafin ranar kasuwa. Da damina birki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe da wuri, sai a fara taka-tsantsan tun daga nesa. Mai hawa titin Kano zuwa Daura ya tsare hannun dama, kamar yadda doka ta tanada tun 1972, ya kuma tabbatar da ƙararrawa da fitila da jar alamar baya, domin cikin hazon hunturu direban babbar mota ba ya hango shi sai ya zo kusa.

A ƙarshe, bayan mako biyu a koma wurin mai gyara ya sake ɗaure komai, domin sabbin ƙarafa sukan saki in sun fara aiki.

'Yan'uwa, mu ne ake kira masu ilimi a garuruwanmu, mu ake tambaya in an sayo sabon abu. In mun koma hutu, mu zauna da ƙannenmu da iyayenmu mu nuna musu wannan da hannunmu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.