Faɗuwar Gaban da Ba Ta Wucewa: Lacca Kan Ciwon Fargaba a Tsakanin Mata

 

Zan fara da wata ƙanwata da ba zan faɗi sunanta ba. 'Ya'yanta huɗu, tana sayar da atamfa a Kasuwar Kure da ke nan Minna. Wata rana da azahar tana cikin ninke wa wata mata turmi, sai ta ji ƙirjinta na dukan uku-uku. Numfashi ya sarƙe, tafin hannu ya jiƙe sharkaf, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta zube kan dilar kaya tana salati, don ta gama sakankancewa ajali ne ya zo. Kafin a samo Keke Napep abin ya lafa.

Daga ranar ta shiga zarya. Mai kemis ya ce taifot ne. Wani ya ce ulsa. A gida gwaggo ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce da sa hannu, maigidanta kuma ya ce ta cika sa abu a rai. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, sannan ta fara tura yaro ya buɗe shago. Sai da aka kusa shekara biyu wata likita ta ajiye biro ta ce mata: "Hajiya, yaya barcinki? Me kike tunawa in kin farka cikin dare?" Nan ta fashe da kuka. Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

Abin da ke damunta shi ne ciwon fargaba. Kowa gabansa na faɗuwa in ya ji mugun labari, wannan halitta ce, kuma ita ke sa mutum ya kauce wa haɗari. Ciwo yana farawa ne sa'ad da haɗarin ya wuce amma jiki ya ƙi yarda, ko kuma babu haɗarin sam amma zulumi ya zauna wata da watanni, ya hana barci, ya hana sana'a, ya hana zumunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani.

Me ya sa mata suka fi? Akwai sauye-sauyen jiki lokacin ciki, da jego, da ɗaukewar al'ada. Akwai kuma kayan da muka ɗora mata: ita ce mai jinya, ita ke sanin garin tuwo ya ƙare, ita ake tuhuma in haihuwa ta yi jinkiri, wata kuma tana kwana da tsoron saki ko duka. A jiharmu an ƙara mata wani. Ku tuna ɗaliban Kagara da aka sace a watan Fabrairun 2021. Ku tuna yaran Islamiyyar Tegina da aka kwashe a ƙarshen Mayun shekarar, suka yi kusan wata uku a daji. Ku tuna matan Shiroro da Munya da suka gudo da goyo a baya, da ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025. Uwar da ta ga irin wannan, ko bayan ɗanta ya dawo, ƙarar babur a ƙofar gida na iya tsinka mata hanji.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, macen ƙasar nan da wuya ta ce "ina da fargaba". Da jikinta take magana. Za ta ce kanta na zafi daga tsakiya. Za ta ce wani abu na yawo a jikinta, ko wani abu ya tokare mata maƙogwaro. Wuya da kafaɗa sun sage, ciki na murɗawa, barci rabi da rabi. Za ku ga ta zama mai saurin faɗa, tana kiran yaro a waya sau biyar kafin ya isa Bosso, tana tashi duba sakata bayan ta riga ta duba. Ciwon nan na gaske ne, ba langaɓewa take yi ba. Amma a fara da awo, domin ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo, da ciwon zuciya duk suna iya kawo irin wannan bugun ƙirji.

Yanzu ga magana gare mu, mazaje da 'yan'uwa. Kalmar da ta fi yi wa mai wannan ciwo rauni ita ce a ce ba ta da tawakkali. Sai ta ƙara wani tsoro a kan na da, ta kama bakinta. Alhali muna da abin koyi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar da ya dawo daga Kogon Hira jikinsa na rawa, Nana Khadija ta lulluɓe shi, ta saurare shi har ya natsu, ta tuna masa kyawawan halayensa, sannan ta raka shi wurin masani, Waraƙa ɗan Naufal. Halin da ya shiga na wahayi ne, ba ciwo ba, amma yadda ta tarbe shi darasi ne ga duk mai zama da wanda ya firgita.

In abin ya taso mata, kada a yi cincirindo a kanta ana kururuwa. Mutum ɗaya ya zauna kusa, ya riƙe hannunta, su ja numfashi tare a hankali, su sake shi a hankali, ya gaya mata zai wuce, domin yakan lafa cikin mintuna. In ciwon ƙirjin sabo ne ko ya ƙi sauka, sai asibiti. In ta natsu, ka tambaye ta abin da take tsoro, ka bari ta kai ƙarshe. Kada kuma tausayi ya sa a kulle ta a ɗaki. Gudun kasuwa yana ƙara wa tsoron kasuwa ƙarfi. Ka raka ta yau ta yi rabin awa, gobe awa ɗaya. A rage mata goro da shayi mai kauri, a rage mata aikin gida.

Ciwon yana jin magani. Akwai zama da ƙwararre da ke koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke razana shi, akwai ƙwayoyi da likita ke rubutawa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. Ina roƙon ku da girman Allah, kada a sayo mata baliyam ko maganin barci a kemis, domin jiki na saurin sabawa da su. Addu'a da azkar su ci gaba, ba sa karo da asibiti. In kuwa ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kada a bar ta ita kaɗai, kada a kwana ba a kai ta ba.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ke kallon majinyaci kamar abin tsarewa. Ina kira ga gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, har ungozomar da ke awon ciki a asibitin Jummai Babangida Aliyu ta riƙa tambayar mace barcinta kamar yadda take auna jininta.

Ƙanwata ta koma shagonta. Wanda ke da irinta a gida, ya kai ta Babban Asibitin Minna, in an ga buƙata a tura su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Maigida, kada ka ba ta kuɗin mota ka ce ta je. Ka tashi ku tafi tare.