Ƙungiyar da aka haifa a ɗakin cin abincin sajan-sajan

A shekarar 1929 wasu sojojin sama suka zauna hira a ɗakin cin abincin sajan-sajan na sansanin Andover, wani gari da ke kudancin Ingila. Damuwarsu ita ce yadda abokan aiki ke watsewa da zarar sun tuɓe kaki, kowa ya kama gabansa. Daga wannan hira ƙungiyar tsofaffin sojojin saman Birtaniya ta samo asali, kuma a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka raɗa mata sunan da take amsawa yau, Royal Air Forces Association.

A ganina, ƙarfinta yana ga rassanta na ƙananan garuruwa. Can ake sanin wanda ya kwanta ciwo, da matar da mijinta ya rasu ta kasa cike takardun fansho. Duk watan Satumba, lokacin tunawa da gumurzun da jiragen yaƙi suka yi a sararin samaniyar Birtaniya a 1940, za ka ga dattawa da lambobin yabo a ƙirji suna karɓar gudummawa a ƙofar kantuna.

Sai dai tsufa ya ci ƙarfin rassa da dama. Wasu sun rufe, wasu sun haɗe da na maƙwabta.