Yadda Ƙwayar Halitta Ke Rabuwa, da Abin da Ke Aukuwa In Ta Ƙi Tsayawa

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a Hotoro, Kano



An nemi in yi bayani a kan yadda ƙwayoyin halittar jikin ɗan'adam ke rabuwa. Watakila waɗansunku su ce wannan zance ne na 'yan ajin kimiyya, babu ruwan mai karatun shari'a ko akawu da shi. Ina fata kafin mu tashi za ku yarda cewa ya shafi gidan kowannenmu.

Cikin ikon Allah, kowane mutum daga ƙwaya guda ya faro. Ɗaya ta zama biyu, biyu suka zama huɗu, har aka kai kimanin tiriliyan 30 a jikin baligi. Tun 1855 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar ta fito. Aikin kuwa ba ya ƙarewa don mutum ya balaga. A kowace daƙiƙa ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2, fatar cikin hanji kuma takan sabunta cikin ƙasa da mako guda.

Rabuwar tana bin matakai huɗu. A na farko, wanda masana ke kira G1, ƙwayar takan girma ta tara kayan aiki. A na biyu, watau S, takan kwafi littafin gadonta, wanda ake kira DNA, mai haruffa kimanin biliyan 6 da aka rarraba cikin ƙunshi 46, su ne kuromosom. A na uku, G2, sai ta yi bitar abin da ta kwafa. A na huɗu, M, ƙunshin nan sukan yi sahu a tsakiya, waɗansu zaruruwa su ja kwafi ɗaya gabas, ɗaya yamma, sa'an nan ƙwayar ta tsuke a ƙugu ta rabu biyu, kamar yadda mai fura ke gutsura curi. A ƙwayar mutum da ake reno a ɗakin gwaji, zagayen yakan ci kimanin awa 24, rabuwar kanta kuwa awa ɗaya kacal. Sauran lokacin duk shiri ne da bita.

To, ga inda maganar take. A zamanin da, ba a shiga birnin Kano sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofarta. Haka zagayen nan yake. Akwai ƙofa kafin a fara kwafi, akwai wata kafin a shiga rabuwa, akwai ta uku kafin a ja ƙunshin nan gefe biyu. Ɗaya daga cikin masu gadin, wani sinadari mai suna p53, in ya ga ɓarna a littafin yakan tsai da tafiya har a gyara, in kuwa ta fi ƙarfin gyara sai ya sa ƙwayar ta mutu. Binciken yadda ake sarrafa wannan zagaye ne ya sa aka bai wa Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse kyautar Nobel a 2001.

In masu gadi suka kasa, ƙwaya mai kuskure ta wuce, ta haifi irinta, su ma su yi ta haihuwa ba tsayawa, abin da muke kira ciwon daji ko sankara ke nan. A 1951 an ɗebi ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa daga jikin wata baƙar fatar Amurka, Henrietta Lacks. Ta rasu a shekarar, amma zuriyar ƙwayoyin nan har yau tana rabuwa a ɗakunan gwaji na duniya.

Wannan nau'in sankara sanadinsa sananne ne. Wata ƙwayar cuta ce, HPV, wadda ke fitar da sinadarai biyu, ɗaya ya lalata p53, ɗaya ya ɗaure wani mai gadin. Harald zur Hausen na Jamus ne ya gano alaƙar, ya sami Nobel a 2008. Galibin waɗanda suka kamu jikinsu kan kawar da ita da kansa. Inda ta zauna kuwa, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu.

Wannan jinkiri na shekaru rahama ce, domin ya ba da damar gwaji. Daga nan Hotoro zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi, a ƙaramar hukumar Tarauni, ba wata tafiya ba ce, kuma likita na iya ganin ƙwayoyin da suka fara sauya kama tun mace ba ta ji ciwon komai ba. Daɗin daɗawa, a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, Kano na cikin jihohin farko.

'Yan'uwa, ba mu manta da 2003 ba, lokacin da zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan har zuwa 2004, cutar ta bazu, yara suka nakasa. Iyayen da ke shakka ba maƙiyan 'ya'yansu ba ne, bayani suke bukata daga bakin wanda suka amince da shi. Ku ne 'ya'yansu da suka kashe wa dukiya don ku yi karatu. In kun koma gida, ku zauna da iyayenku mata da yayyenku, cikin ladabi, ku bayyana musu zancen ƙofofin nan da masu gadinsu. Ku tambaya ko an yi wa ƙannenku allurar, ku kuma ƙarfafa wa matan aure gwiwa su je gwaji.

Allah ya ba mu lafiya da ilimi mai amfani.