Jawabin Wakilan Ƙungiya a Kan Ziyarar 'Yan'uwanmu na Cikin Ruwa

 

'Yan'uwa mazauna Auna, mu ne mutum shida da kuka wakilta mu je mu gano 'yan'uwanmu da ke zaune a gungu da tungayen Tafkin Kainji. Mun je, Allah ya dawo da mu lafiya, ga kuma abin da muka gano muku.

Kafin mu shiga labarin tafiya, bari mu tuna wa yara abin da ya raba mu da mutanen nan. Lokacin da iyayenmu suka zo wannan ƙasa, wasu daga Kabi, wasu daga Sakkwato da Katsina, kogin Kwara suka tarar, ba tafki ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, sai ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa da gungun Gungawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Wasu daga cikinmu suka hau tudu suka kama noma da kasuwanci tare da Kambari masu masaukinmu, wasu kuwa suka bi kifi cikin ruwa. A 1976 kuma aka ƙirƙiro Jihar Neja, sai ga Wara da ke nan kusa da mu ta zama wata jiha. To, kun ji yadda ɗan'uwa ya koma kamar baƙo.

Mun shiga jirgi a Wara da sanyin safiya, iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas. Matuƙinmu Basarke ne, kuma da muka yi nisa sai ya kashe inji saboda tsadar mai, ya kafa gora, ya ɗaura wani babban zane da aka ɗinka da buhuna. Iska ta cika shi, jirgi ya miƙa, ba ka jin komai sai ƙarar ruwa. Yana tuƙi yana nuna mana kan kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, yana cewa su ne ke fasa jirgin wanda bai san hanya ba.

Zangonmu na farko shi ne gungun Foge, wanda ya fi kowane gungu girma a tafkin. Nan muka iske wani dattijo da ya yi makarantar allo da ɗaya daga cikinmu, rabonsu da juna ya kai shekara 30. Ya tsaya yana kallonsa, can sai ya kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi suna yara. Jama'a, babu wanda bai share hawaye ba. Ya ce, "Yaya, ashe kana da rai? Ni fa an ce mini ka koma gida tuntuni." Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwo da miyar kurungu, aka shiga lissafin wanda ya rasu da wanda ke raye. A nan ne kunya ta kama mu, don kuwa mutum huɗu ya lissafa da suka rasu ba mu je ta'aziyya ba, ba mu ma ji ba.

Washegari muka ƙetara zuwa Shagunu a gaɓar Borgu, muna tsayawa tunga-tunga. Ko'ina kukansu ɗaya ne. Giwan ruwa da falia sun yi ƙaranci, sai warangi da ƙananan karfasa. Yara da yawa ba sa zuwa boko. Mace idan haihuwa ta zo da gardama sai an sa ta a jirgi an nemi asibiti a tudu, ko da tsakar dare ne. Amma ba kuɗi suka roƙe mu ba. Wata gyatuma cewa ta yi, "'Ya'yana, ku dai riƙa leƙo mu."

Sai dai fa hanyar ruwa ba abin wasa ba ce. Duk mun tuna ranar 26 ga Mayu, 2021, da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira. Allah ya ji ƙansu. Duk da haka, a jiragen da muka yi karo da su ba mu ga mai rigar kariya ba sai ɗai-ɗai, ga lodin mutane da buhuna da babura ya wuce ƙima. Mu kanmu aron riguna muka yi kafin mu tashi.

Saboda haka muna kawo wa wannan taro shawara uku. Ta farko, a mai da wannan ziyara ta kowace shekara, a lokacin sanyi, kafin iskar bazara ta fara tada igiyar ruwa. Ta biyu, a buɗe wa 'yan'uwanmu na cikin ruwa shafi a littafin ƙungiya, da wakili a kowace tunga wanda zai riƙa buga mana waya in an yi haihuwa ko rasuwa. Ta uku, a cire kuɗi daga asusu a sayi rigunan kariya guda 20 a ajiye wurin ma'aji, duk ɗan ƙungiya da zai ƙetare ya ara ya dawo da ita. Kuma kada waninmu ya shiga jirgin dare ko wanda aka cika maƙil, komai saurin da yake yi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mutanen Foge sun ce za su rama ziyara bayan Babbar Salla, don haka sai mu fara shirin masauki tun yanzu.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu na tudu da na ruwa, ya ƙara haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.