Yadda Za Ka Gane Dabino da Ganyensa

Kun dai san ƙasarmu ta wajen Dambatta da Bichi da Minjibir, gona na bin gona, ba sauran daji. Wanda ya ba itace wuri a gonarsa, ya rage wa gero da gyaɗa ke nan. Saboda haka ya kamata mutum ya san abin da ya dasa tun bai cinye masa shekaru ba. Zancenmu na yau a kan dabino ne da danginsa.

Giginya da goriba ba su ruɗa kowa, gama ganyensu a buɗe ya ke kamar tafin hannu. Masu ruɗi su ne waɗanda ganyensu ya yi kamar gashin fiffiken tsuntsu, watau dabino, da kajinjiri, da tukurwa, da kwakwa. Sa'ad da suka tsiro galibinsu kusan ɗaya su ke, ganye guda ne mai tsawo, ba tsagi, sai ka ce ciyawa. Sai sun tasa sa'an nan ganyen ke rarrabuwa.

To, in ya rarrabu, kama ɗan ganye guda ka duba. Na dabino a naɗe ya ke, bakinsa na duban sama kamar indararo, har ruwa ya kan kwanta a ciki. Na kwakwa da tukurwa kuwa a kife ya ke kamar jinka. Ganyen dabino yana da tauri, launinsa kore ne mai toka-toka, na wajen gindin reshe kuma sun zama ƙaya. Kajinjiri, wanda waɗansu ke kira dabinon biri, shi ma indararo gare shi da ƙaya, nan ne a kan ruɗe. Amma nasa ganyen kore ne shar mai sheƙi, reshen ya kan sunkuya, 'ya'yansa kuwa ƙanana, ƙwallo ya fi nama yawa.

Sai dai akwai abin da ganye ba ya faɗa. Dabino akwai namiji akwai mace, macen kaɗai ke 'ya'ya. In ka shuka ƙwallo 10, wajen 5 maza za su fito, ba kuwa za ka sani ba sai sun yi fure, bayan shekara 4 ko 5 ko fiye. Waɗansu su kan ce sun san namiji da kaurin ƙaya. Ni dai ba na ba ka shawara ka ba da gonarka a kan wannan magana, don ruwa da taki da inuwa duk su kan sāke kamannin ganye. Matan da suka fito ma ba lalle su yi zaƙin uwarsu ba.

Dabarar ita ce ka nemi ɗan da ya toho daga gindin macen da ka ɗanɗana 'ya'yanta da bakinka. Wannan mace ne, kuma irin uwarsa sak. Masu dabino a Dutse, wadda ke cikin Jihar Kano kafin 1991, sun san wannan aiki. A tara ƙasa a gindin ɗan har ya yi saiwa tasa, sa'an nan a datse shi da ƙarfe mai kaifi, a rage ganyen, a ɗaure sauran, a dasa, a riƙa ban ruwa. Tsakanin wannan da wancan a bar kamar ƙafa 25 zuwa 30. Namiji guda ya isa mata 50, in ana yanko furensa ana sa wa cikin nasu da hannu.